Ƙullin Bahago a Igiyar Yaya Hajara

Da daminar bana shekara ashirin da tara ke nan da muka kai yayata Hajara makwancinta. Na sha ɗaukar biro don in rubuta wani abu a kanta, in sake ajiyewa, saboda akwai maganar da ban so in faɗa ba. Yanzu kuwa likita ya ce hawan jinin ido ya cinye mini na hagu, na dama ma ya kama hanya. Gara in rubuta tun ina ganin layin takarda.

Ƙyanda ce ta tafi da idon Yaya tana 'yar shekara biyar, kafin a haife ni. Ban taɓa jin ta yi kukan abin ba. Cewa take yi mu masu ido mu ne abin tausayi, da fitila ta mutu sai mu kama karo da juna kamar tumaki. Ita ta tara makafin yankinmu, tsakanin Karaye da Rogo, suka zama ƙungiya ba takarda ba ofis. Duk Alhamis suna haɗuwa a gindin wata tsamiya, suna tufkar igiyar rama, ana hira, a ji wa ke kwance ba lafiya, wa danginsa suka fara gajiya da shi. Har daga Zoza da Ruwan Bago wasu kan zo.

Sai aka datse kogi, ruwa ya taso, aka mayar da ƙauyenmu kan tudu. Mu masu ido gonaki muka yi wa kuka. Su kuwa makafi garin gaba ɗaya a tafin ƙafarsu yake: sun san taku nawa ne daga zaure zuwa rijiya, sun san inda saiwa ta fito a hanyar masallaci. Duk wannan ya nutse. A sabon wuri aka yi wata biyu ba wanda ya iya fita shi kaɗai.

Yaya ta sa suka tufka igiya mai tsawon gaske, aka ɗora ta kan gwafanni daga ƙofar kowane makaho zuwa rumfar gidanmu, bakinta kuma ta ɗaura a babban yatsan ƙafarta in ta zauna aiki. Wanda ya fito sai ya girgiza igiyar sau uku, ita kuma ta amsa masa sau biyu. Ta san hannun kowa. Sai ka ji ta ce a gyara tabarma, ga wane nan tafe, kuma yau ransa a ɓace yake.

Mutum ɗaya ne igiyar ba ta riƙe ba, Malam Isyaku, ladanin tsohon masallacinmu, wanda ya makance da tsufa. In azahar ta gabato sai hankalinsa ya koma tsohon gari, ya saki igiya, ya kama ƙirga taku zuwa masallacin da ke ƙarƙashin ruwa. Don haka Yaya ta sa aka gitta wani reshen igiya daidai ƙirji a hanyar da ta gangara bakin ruwa. Da ya ci karo da shi sai ya farga, ya juyo.

Ni na kwance wannan reshen. Wata Alhamis ce, ina huɗa da garmar shanu, igiyar shanun ta tsinke. Na ce bari in ara, in mayar kafin azahar. Ƙasa ta yi laushi, aiki ya yi daɗi, na manta. Ita tana tufka, ni ƙanenta ina warwara.

Rana tsaka, ba iska ko kaɗan, sai na ji kiran salla yana tasowa daga cikin ruwa. Na yar da garma na sheƙa. Na tarar da Malam Isyaku tsaye, ruwa ya kai masa ƙirji, yatsunsa a kunne, ya fuskanci gabas, ga busassun rassan tsohuwar tsamiyar nan sun leƙo a bayansa. Yaya kuma ta riga ni. Daga baya aka gaya mini tana zaune sai ta ce igiya ta mutu a ƙafarta, ta miƙe ba ko sanda. Ta bi muryarsa, har ruwa ya kai mata wuya, don gajera ce. Ba ta katse shi ba. Sai da ya kai ƙarshe ta kama hannun rigarsa.

"Allah gafarta Malam, jama'a suna tudu suna jiranka."

"To su wa ke amsa mini a nan, Hajara?"

"Ni ma na ji su. Mu dai tafi."

Ni ban ji kowa ba. Kafin mutane su taru na mayar da igiyar na ƙulle. Aka ɗora laifin kan shanun da ke zuwa shan ruwa, na yi gum. Daga ranar tari ya kama Yaya, ya ci rani da ita, damina na zagayowa ta kwanta. Ana saura kwana biyu ta cika, ta laluba ta kama hannuna na hagu, don ni bahago ne, ta ce, "Audu, ƙullin bahago ba ya ɓuya. Ka riƙa yin sa sau biyu, zamewa yake yi." Ashe shekara guda ta yi da sanin ni ne, tana zuba mini fura da hannunta. Da na sani ƙeya ce, kuma tawa har yau nauyi gare ta.

Alhamis ɗin da ta biyo bayan jana'iza, 'yan ƙungiya suka fito kamar yadda suka saba, kowa ya girgiza sau uku saboda hannu ya riga ya saba. Su bakwai ne, kuma kowannensu ya ce an amsa masa sau biyu. Ina zaune a rumfar, bakin igiyar yana yashe a kan tabarmarta, ban ga ya motsa ba. Limaminmu ya ce a bar zancen, Allah ne masani. Aka bari.

Yau ƙungiyar makafi tana da ofis a cikin gari, ana raba farar sanda, waya ma karanta wa mutum saƙo take yi. Na san Yaya za ta yi murna, ta kuma yi tsiya, ta ce ashe an kai zamanin da masu ido ke tafiya kansu a sunkuye suna karo da mutane. Amma na tabbata za ta tambaya: in wane bai fito ba yau, a ƙafar wa za a ji?

Igiyarta ta ruɓe tun tuni, gwafannin gara ta cinye, su Malam Isyaku duk sun bi ta. Abin da ya rage shi ne a ƙauyenmu har yanzu in makaho ya kwana biyu ba a ji motsinsa ba, sai wani ya je ya yi sallama, ba tare da an aike shi ba. Allah ya jiƙan Yaya Hajara, ya yafe mini.

Watan jiya na ja igiya daga ƙofar ɗakina zuwa masallaci, don in saba tun da sauran haske. Kowane ƙulli sau biyu na yi shi. Ranar Alhamis na kama ta, na girgiza sau uku, na tsaya. Ban ji komai ba tukuna. Amma idon dama bai gama rufewa ba.