Maɓallin Baya da Saƙon Modu

Har yau ban manta da ranar da na kai wa Hajja Falmata waya a unguwar Lamisula ba. Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a wani ɗan kamfanin haɗa manhaja a unguwar Wulari, ƙarƙashin Malam Ishaku, mutumin Biu, wanda ko gaisuwa ka rubuta sai ya duba ta layi-layi.

'Yar Hajja, Yagana, ita ce ta kawo aikin. Yayanta Modu direban babbar mota ne, ya rasu a wani asibiti a kudu, ya bar saƙonnin murya da yake turo wa mahaifiyarsu daga hanya. Idon tsohuwar ya tafi, ba ta iya lalubo su. Yagana na son fuskar wayar ta rabu biyu: a taɓa dama a ji na gaba, a taɓa hagu a koma baya.

"Sai dai na ƙarshen a gadon asibiti ya yi shi," in ji ta. "Kada ku goge, amma kada ta kai gare shi. Tana da hawan jini, ba za ta ɗauka ba."

Ga wanda bai san sana'ar ba, aikin ba wuya. Ana jera saƙonnin, kowanne da lambarsa, kuma mu daga sifili muke fara ƙirga. Maɓallin gaba yana ƙara ɗaya a lambar, na baya yana rage ɗaya. Muka sa wa na gaba iyaka, ya tsaya kafin saƙon ƙarshe. Malam Ishaku ya gwada, ya danna har yatsansa ya gaji, ya ce ya yi. Duk hankalinmu yana kan ƙarshen jerin.

Na tarar da Hajja bayan la'asar a kan tabarma, ƙamshin turaren wuta ya cika tsakar gidan. Na ɗora yatsanta a kan wayar. Saƙon farko ya fito, Modu yana dariya yana cewa ya wuce Damaturu. Ta yi murmushi, ta so ta sake ji, ta taɓa hagu.

Muryar da ta fito ba ta dariya ba ce. Numfashi ne mai nauyi, sannan magana a hankali cikin Kanuri. Nan take na gane saƙon asibitin ne. A harshen da muke rubuta manhaja da shi, idan ka rage ɗaya daga sifili ba ya tsayawa, sai ya fara ƙirga daga wutsiya, ya miƙo maka na ƙarshe. Mun kulle ƙofar gaba, ta baya tana buɗe.

Yagana ta zabura za ta fizge wayar. Tsohuwar ta riƙe mata hannu.

"Bari," ta ce.

"Ya," in ji Modu, haka suke kiran uwa, "jikin ya yi nauyi. Idan ban dawo ba, ki yafe mini."

Ni dai ina kallon ƙirjin Hajja, ina jiran abin da Yagana ta ji tsoro. Sai ta ɗaga wayar kusa da bakinta, kamar yana can yana sauraro.

"Na yafe maka, Modu, duniya da lahira."

Ta juyo wajena. "Ɗana, tun da ya tafi ba na barci. Ina cewa yaron nan ya wuce bai neme ni ba. Ashe ya nema."

Washegari na nuna wa Malam Ishaku layin manhajar da ya jawo kuskuren. Ya daɗe yana kallonsa, ya cire gilashinsa, ya ce, "Ikon Allah." Muna shirin gyarawa Yagana ta kira. "Ya ta ce kada wanda ya taɓa mata waya."

Shi ya sa nake gaya wa sababbin ma'aikata: ku gwada bakin jeri duka biyu, farko da ƙarshe, kada ku dogara da sa'a irin tamu. Kuma ku riƙa tuna cewa abin da muke kira lamba, a wajen mai wayar ɗanta ne. Hajja ta rayu shekaru bayan nan, kuma Yagana ta ce kullum ta buɗe wayar, hagu take fara taɓawa.