Yatsu huɗu a murfin inji

Shekarun baya, da bikin ƙanwata ya matso, mahaifiyata ta kira ni ta ce akori-kurar mahaifinmu za ta kai kayan ɗaki Kusada. Tun ƙanwar tawa tana ƙarama yake mata wannan alkawari, Allah bai nufa ya cika shi da kansa ba. Motar kuwa tun rasuwarsa take kwance a bayan gidanmu a Kankia, kaji sun mayar da ita akurki.

Ni dai na san kaina. In na sa abu a gaba, ba tashin motar kaɗai nake so ba, so nake a buɗe bonet a yi shiru. A wajenmu dattawa ba sa yaba mota daga waje, sai sun leƙa injinta, kuma dangin angon duk tsofaffin direbobi ne. Da bakanike ya gama nasa ta tashi, sai na ce saura fenti.

Na ɗauko abokina mai fentin motoci. Ya zagaya injin yana taɓe baki, ya ce, “Mutumina, sai an kankare shi tas, a shimfiɗa mashi firaima mai jure zafi, sannan fenti ya hau. In ka ƙi, kafin ku kai Kusada ya fara ɓarewa.”

Na ce ai Baba bai taɓa sa wata firaima ba. Duk shekara in an gama jigilar gyaɗa daga Kunduru, wanke injin yake da kalanzir, ya shafa masa shuɗin fenti da burushi, shi ke nan.

“To mi ya sa yake maimaitawa duk shekara?” in ji shi.

Gaskiya ya faɗa, na kuma yarda nan take, don ni taurin kaina bai kai ga jayayya da tsatsa ba.

Muka hau wanki. Baƙin mai da ƙasa sun daskare a jikin injin kamar ƙanzo a gindin tukunya. Ina goge murfin sama da tsumma, sai shuɗin fentin Baba na ƙarshe ya fara fitowa, a tsakiyarsa kuma ga sawun tafin hannu. Da alama ya dafa ne fentin bai bushe ba. Na ƙara gogewa na ƙirga yatsun: huɗu ne. Fankar wannan motar ce ta cire wa mahaifina ɗan yatsa tun ban yi wayo ba.

Abokina bai lura da sawun ba, har ya naɗo samfefa zai fara kankara daga nan. Na riƙe hannunsa.

“Ban da murfin ga.”

“Kai! Nan ne fa ido ke fara sauka. Inji sabo fil, murfi ya koɗe? Dariya za su yi maka.”

Na ce su yi. Na nuna masa sawun. Ya duba, ya ce Allah ya jiƙan Baba. Amma mai sana'a ba ya barin sana'arsa, sai ya ƙara da cewa tsohon fentin ba shi da firaima a ƙarƙashi, wata rana zai tashi ko na so ko ban so ba. Na ce ranar da ya tashi ya tashi da kansa, amma ba da hannuna ba.

Haka aka yi. Muka kwance murfin muka ajiye gefe. Sauran injin ya sha kankara har ƙarfe ya fito, aka fesa firaima, ta bushe, aka bi da shuɗi. Da aka mayar da murfin, wallahi ni ma sai da na ga bambarakwai, amma ko kaɗan zuciyata ba ta yi rawa ba.

Da safen kai kaya, an ɗaure gado da katifa da kwanuka, kafin in tayar da mota na ce wa mahaifiyata ta zo ta ga aiki. Da yake sunan mahaifinta gare ni, Babana take ce mini.

“Babana, ni mi na sani a inji?”

Na buɗe mata bonet. Ta kalli sabon fentin ta ce ya yi kyau, irin yabon da ake yi don a rabu da mutum. Sai idonta ya sauka a murfin. Ta daɗe tana kallo. Ta fito da hannunta daga cikin mayafi ta ɗora a kan sawun, nata ya shige ciki ƙarami. Ta juya ta ce wa ƙanwata, “Zo ki gani. Babanki ne zai kai ki.”

A Kusada an buɗe bonet kamar yadda na zata, an kuma yi mini tsiya cewa fenti ne ya ƙare mini a hanya. Na yi dariya tare da su, ban tsaya bayani ba.

Yau duk wanda ya tambaye ni ko ya sa wa injinsa firaima, cewa nake ya sa, don fentin da muka yi har yanzu bai ɓare ba. Sai dai ina ƙara masa da cewa ya wanke a hankali ya duba kafin ya kankare. Murfin nan gefunansa sun fara tashi, kamar yadda abokina ya faɗa, kuma in mun haɗu sai ya tuna mini. Yatsun huɗu dai suna nan, kuma har yau ba na tayar da motar sai na buɗe na gan su.