Tofin Inna a Saman Ƙarfena

Shekara huɗu na yi ina renon wani ɗan ƙarfe da bai kai farcen babban yatsana ba. Sa'o'ina suna renon 'ya'ya, wasu suna kiwon raguna su sayar da layya, ni kuwa ƙarfe Allah ya haɗa ni da shi. Ina koyar da fiziks a wata kwaleji a nan Kontagora, ina kuma neman digirin digirgir a wata jami'a, kuma digirin nan kacokan a jikin ɗan ƙarfen yake rataye. In ya yi kyau na gama, in ya lalace in koma farko.

Bari in faɗi ko mene ne, kada a ɗauka guntun kwano na tsinta a bola. Wani ɗan faranti ne mai sheƙi, aka shimfiɗa masa baƙin ƙarfe a sama, shimfiɗa siririya ƙwarai, kaurinta bai wuce ƙwayoyin zarra 'yan kaɗan ba. Abin da nake son sani shi ne yadda ƙwayoyin layin sama suka jeru, da kuma inda maganaɗisunsu ya fuskanta. A cikin kowace ƙwaya akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa masu juyi irin na katantanwa, kuma daga juyin nan ne maganaɗisu yake samuwa. Yadda ake dubawa, a sa ƙarfen cikin wata tukunyar ƙarfe da aka zuƙe wa iska tas, a yi ta harbinsa da ƙwayoyin hiliyam masu caji, iskar nan da ake hura wa balan-balan ya tashi sama, sannan a auna yadda suka dawo. Wadda ta bugi ƙwaya mai nauyi takan dawo da ƙarfinta, wadda ta bugi marar nauyi takan dawo a gajiye. Kamar dai ka jefa tsakuwa a kan rufi, ka gane daga ƙararta ko kwano ne ko ciyawa. In kuma an saita juyin ƙwayoyin da ake harbawa, yawan waɗanda suka dawo zai nuna inda na ƙarfen suke juyawa. Duk abin da na'urar ke gani layin sama ne kaɗai, ba ruwanta da abin da ke ƙasa.

Na'urar harbin ba mu da ita. Ta shimfiɗa ƙarfen muke da ita a jami'ar, guda ɗaya tak, ita ma sai ta ga dama. In an sami wuta babu iskar da take aiki da ita, in an sami iskar babu wuta, ranar da Allah ya haɗa su biyun sai a tafi yajin aiki. A haka na lalata faranti ya fi a ƙirga kafin ɗaya ya fito yadda ake so. Wani farfesa a wata ƙasar Turai, wanda malamina ya sani, ya yarda ya ba ni kwana uku a kan na'urarsu. Kwana uku, bayan shekara huɗu! Na sa ƙarfen a wata 'yar kwalba, muka cika ta da busasshiyar iska, muka murɗe murfin, muka naɗe da salatif. Na jefa kwalbar cikin gwangwanin madarar gari, na cusa auduga, na dawo Kontagora don in yi sallama da mahaifiyata.

Inna 'yar Salka ce, kuma hatsi ta sayar tun kafin a haife ni har ƙafafunta suka gaji. Ni ne autanta, don haka ba ta jin nauyin faɗa mini duk abin da ya zo bakinta. Da na zauna ina yi mata bayanin aikina, ina ta kumbura, sai ta katse ni.

"Tsaya, Auta. Ka ce na'urar saman abu kawai take gani?"

Na ce, "Saman kawai, Inna. Ai nan ne gwanintar."

Ta ce, "Tabɗi! Na'urar da ba ta zura hannu cikin buhu? Wallahi a kasuwar Salka kafin hantsi an sayar mata da ƙaiƙayi. Kuma don ita za ka hau jirgi?"

Na yi dariyar yaƙe. A raina na ce, to, ga sakayyar ilimi.

Akwai abin da kowa ya sani a gidanmu: babu mai tafiya ya ƙetare ƙofar Inna ba tofi. Za ka durƙusa, ta kama kanka da hannu biyu, ta karanta abin da za ta karanta, ta tofa maka sau uku a tsakar kai. Ba mutum kaɗai ba, har kayansa. Biron da na rubuta jarrabawar gama sakandare da shi ya sha tofi. Takardar ɗaukata aiki ta sha tofi, har yanzu akwai tabo a kusa da sa hannun shugaban kwalejin. Babur ɗin yayana ranar da ya saye shi sai da ta zagaye shi tana tofawa, har tankin mai. Duk na san wannan, a cikinsa na girma. Amma da yake ni masanin kimiyya ne mai zurfin tunani, ga abin da na yi: na ɗauko gwangwanin, na ajiye a gabanta, na ce, "Inna, kin ga wannan? Rayuwata duk tana ciki. Ko akwatina ya ɓace, ko fasfo ya ɓace, da sauƙi, ban da wannan. Kada kowa ya taɓa shi."

Ta ce, "To."

Ni a zatona gargaɗi na yi. Ashe nuna mata na yi inda addu'a ta fi wajaba. Kuma da na ce kada kowa ya taɓa, ban san da wane hankali na ɗauka Inna za ta sa kanta cikin kowa ba.

Ranar Juma'a ce. Na ɗora gwangwanin a kan kabad ɗin ɗakinta, don a ganina nan ne ya fi ko'ina tsaro, na tafi masallaci. Na dawo na tarar da shi inda na bar shi, murfi a rufe. Ban buɗe ba. Washegari na durƙusa, ta tofe mini kai, ta tofe akwati, ta tofe fasfo. Na lura ba ta nemi gwangwanin ba, har na ji daɗi na ce lallai bayani yana da rana, Inna ta fahimci kimiyya. Keke Napep ya kai ni tasha ina rungume da gwangwani kamar mai jego.

A can Turai, wata ma'aikaciyar ɗakin gwajin farfesan ce ta karɓi kwalbar, hannunta cikin safar roba, bakinta da hancinta a rufe. Ta juya ta, ta ce da ni salatif ɗin kamar an ɓare an mayar. Na ce ai 'yan kwastan ne, ba sa barin komai. Ƙarya nake yi, ba wanda ya buɗe a gabana. Ta duba ƙarfen da gilashin ƙara girma, ta daɗe, sannan ta kira farfesan. Shi ma ya duba, ya dube ni, ya ce mu dai saka mu gani.

Yini guda aka yi ana zuƙe iska. Rana ta biyu muka fara harbi. Na zauna gaban kwamfuta ina jiran layin da ke nuna baƙin ƙarfe ya miƙe sama a kan allon, layin da na yi shekara huɗu ina mafarkinsa. Ya ɗan ɗago kai kamar mai jin kunya, ya tsaya. Waɗanda suka miƙe zanƙal-zanƙal wasu ne daban, ba wanda ya gayyace su: sinadaran gishiri, da na tsatsa, da dattin da jikin mai rai ke bari a kan abu. Farfesan mutum ne mai ladabi. Ya ce a iya saninsa ruwa mai gishiri ya taɓa saman nan, kuma an goge shi da wani abu, don ga ƙarce-ƙarce nan. Ya ce ana iya kankare dattin, amma shimfiɗar tawa ta yi siriri, tare za su tafi. Sannan ya tambaye ni, cikin tausayi, ko ƙasarmu tana bakin teku.

Na ce a'a, garinmu ko ƙamshin teku ba ya ji.

Na fita waje na kira gida. Bayan gaisuwa na ce, "Inna, gwangwanin nan, kin buɗe?"

Ko ɗar ba ta ji ba. "Na buɗe mana. Kai da bakinka ka ce rayuwarka tana ciki, sai in tofe akwatin tsumma in bar shi? Ai murfin kwalbar ya ba ni wuya, sai da na sa wuƙa. Ayatul Kursiyyu na yi masa, da Ƙulhuwallahu ƙafa uku. Da na ga ya yi dishi-dishi na goge maka shi da bakin mayafina, ya dawo yana walƙiya. Yaya, an dace?"

Na so a ce a nan na yi shiru. Ban yi ba. Ina tsaye a bakin titin mutane, cikin sanyi, na buɗe baki da Hausa na yi ta zuba. Na ce ta kashe mini shekara huɗu da yawunta. Na ce wa ya aike ta. Na ce ba komai ne ake tofa wa miyau ba, wannan ilimi ne, ba buhun dawa ba. Na ce abin da ba ka sani ba ka bar shi mana, jahilci ba hauka ba ne. Wannan ta ƙarshen ita ce har gobe in na tuna nake jin kamar in nutse. Uwata na faɗa wa haka, ni mai neman a kira ni dakta.

Can ta ce, "To, Auta. Allah ya ba ka haƙuri." Ta miƙa wa matar yayana wayar.

Rana ta uku ba ni da abin harbi. Farfesan ya bar ni in kalli ɗalibansa suna aiki a kan nasu ƙarfen, wanda ba a yi wa addu'a ba, yana ta ba da sakamako mai kyau. Na dawo Kontagora hannu rabbana. A kwaleji abokan aiki sun riga sun fara kirana dakta tun kafin in tafi, yanzu kuwa sai suka ƙara wa kalmar gishiri. "Dakta, an dawo? Yaya ƙarfen namu?" Na ce musu iska ce ta shiga kwalbar a hanya. Wani malamin kemistiri ya yi mini doguwar lacca a kan yadda ake rufe kwalba, na tsaya na saurara har ƙarshe, don na cancanci fiye da haka.

Na je na durƙusa na ba Inna haƙuri. Ta ce ba komai, ita ce da laifi, ta yafe duniya da lahira. Ta zuba mini tuwo, ta tambayi ko can ma ana cin tuwo. Ban ga alamar fushi ba, sai na ce shi ke nan, ta wuce. Na manta magana zarar bunu ce.

Shekara biyu na ƙara ina zarya tsakanin Kontagora da jami'a, ina jiran wuta da iska su shirya da juna. Wani farantin ya fito. Farfesan, Allah ya saka masa, ya sake ba ni kwanaki. Wannan karon na bar kwalbar a kulle a ofishin malamina, ko hanyar Kontagora ba ta gani ba. Ni kaɗai na zo sallama.

Da safe na fito da akwati tsakar gida. Inna ta yi mini dambun nama, ta ƙulle a leda, amma ba ta cusa a akwatin da kanta ba yadda ta saba. Ta ajiye a kan tabarma ta ce, "Ka sa da hannunka, ka fi sanin inda ya dace." Na sa. Na zo gabanta na durƙusa, na cire hula, na sunkuyar da kai. Na jira hannuwan nan biyu, ban ji su ba. Da na ɗago, sai na ga ta ja da baya taku ɗaya, ta kama bakin mayafinta ta toshe bakinta da shi, tana karatunta a bayansa.

Na ce, "Inna, kwalbar ba ta nan fa. Ni kaɗai ne."

Ta gama, ta shafa, sannan ta sauke mayafin. Ta ce, "Na sani. Tashi ka tafi, kada mota ta cika ta bar ka. Allah ya kiyaye hanya."

Na tashi. Ƙarfen ya ba da sakamako mai kyau, layin ya miƙe har farfesan ya tafa mini, na gane inda maganaɗisun layin sama ya fuskanta, aka ba ni digirin. Yanzu in an ce dakta da gaske ake yi. Na yi tafiye-tafiye da yawa bayan nan, kuma kowace tafiya sai na je na durƙusa na cire hula. Inna takan ja da baya ta rufe bakinta. Ni kuma, da duk bakin nan nawa, har yau na kasa ce mata ta tofa.