Rasuwar Alhassan, Ƙanena Kuma Bakina

Daga Allah muke, gare Shi muke komawa. Ranar Laraba, shida ga Rajab 1421, jajibirin kasuwar Shinkafi, Allah Ya karɓi ran ƙanena Alhassan bayan gajeriyar jinya. Ni na yi masa salla, alhali na daɗe ina zaton shi zai tsaya a kaina.

Alhassan, 'yan kara sun shaide ka da gaskiya a cinikin shanu. Ni tawa shaidar ta cikin gida ce.

Ka san alkunyar ɗan fari da muka gada. Ban taɓa kiran sunan babban ɗana ba, ban taɓa yabonsa ko tsaya masa a gaban mutane ba. Kai ne bakina a wurinsa.

Shekarar da aka ba mu jiha, yaron ya haura katangar makarantarsu ta kwana a Ƙaura Namoda, ya ja ƙananan ɗalibai biyu, suka hau bayan babbar mota zuwa Gusau kallon murna. Iyayen yaran suka kwana biyu cikin zullumi. Shugaban makaranta ya aiko in zo, yana shirin korarsa. Roƙo ba ya yiwuwa a bakina, dorina kaɗai al'ada ta bar mini, na kuwa ɗauko ta. Ka riƙe hannuna, ka ce: "Yaya, dorina fushinka za ta biya, ba haƙƙin mutane ba."

Ka goya shi a babur, ka kai shi Zurmi da Galadi, gidajen yaran. Ka tsaya daga waje, ka bar shi ya durƙusa ya nemi gafara da bakinsa. Mahaifin na Galadi ya ƙi fitowa, kuka zauna a rana har bayan la'asar, sannan ya yafe. Mahaifin nan shi ya bi ku Ƙaura washegari, ya roƙi shugaban, aka bar yaron ya kammala karatunsa. Yau da ake yawan zancen shari'a, nakan tuna cewa mayar da haƙƙi ga mai shi babi ne babba a cikinta, kai kuwa ka aikata shi a kan babur.

Yaron ya zo jana'izarka. Kwana uku muna tabarma ɗaya, yana can gefe, gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Da zai koma ya tsaya a ƙofar zaure, yana jiran saƙon da ka saba kai masa daga gare ni. Na duba inda kake zama, babu kowa.

Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarka. Ina ta'aziyya ga maiɗakinka Kulsumu, da 'ya'yanka Salima da Imrana, da kuma wanda ka riƙa a madadina. Tunda ba ka nan ka faɗa masa, bari alƙalami ya faɗa: Mubashir, ɗana, Allah Ya ba mu haƙuri.