Kukan da Lasifika Ta Danne

Muna dawowa daga Tibiri da la'asar, na ce a kashe kiɗa don za mu gitta masallaci. Lasifikoki na yin shiru na taka birki, sai na ji ƙiiii, ƙarfe na cin ƙarfe. 

Tun da aka fara farfagandar zaɓe, motata kat-kat ke jan tirela ɗauke da janareta da lasifikokin jam'iyya, ga matasa maƙil a baya. Duk nauyin nan birki ke shan shi.

Na zarce garejin Malam Isa a Sabon Gari. Ya kwance taya ya nuna mini: plaket, wato takalman birki, sun cinye ƙurmus, faifan birkin kuwa kamar an yi masa huɗa.

"Malam, ai ban daɗe da sa su ba! Yaushe ta fara haka?"

"Ta daɗe tana kuka, Sani. Ƙararku ce ta hana ku ji."

Gobe akwai mitin, taron jam'iyya, a Jiratawa, sai kirana 'yan jam'iyyar suke, na kasa zaune na kasa tsaye. 'Ya'yan mutane fa nake ɗauka. Na dai ajiye makulli, ba fita sai an gyara birki.

Amma jama'a, ku faɗa mini, kukan wa kuma muka danne da kiɗan nan?