Muryata a Karar Maigatari

Wautata ba ta tsufa ba ce, da ita aka haife ni, tsufa dai gemu ya ƙara mata. Aji biyu na yi a firamare malamin ya ce wa babana gara a mayar da ni gona, ko ba komai surutuna zai kori tsuntsaye. Da surutun nan na ci abinci ina sayar da igiya da buhuna a kasuwar Gumel, da shi kuma na yi ɓarnar da zan faɗa.

'Yata da ke aure a Gagarawa ce ta saya mini babbar waya, ta saka ni a guruf ɗin danginmu. Da yake rubutu ya gagare ni, sai ta nuna mini inda ake dannawa a yi magana. Ashe kura aka ba ajiyar nama.

Na ji daɗin wurin, ba zan ɓoye ba. Da safe danginmu na garin Sule Tankarkar su ce an yi ruwa, mu ce mu ko yayyafi, 'yan'uwanmu na hayin iyaka su ce su iska kawai suka sha. Can a sanar da haihuwa, can a nemi addu'a ga mara lafiya. Wani ya taɓa turo hoton kabewar da ta fi tulu, aka yi ta musu ko ta gaske ce har mai ita ya ɗauko ta a babur ya kawo Gumel. Ni kuwa aikina tsokana. Duk wanda ya yi magana sai na sa masa gishiri.

Wanda na fi sa wa shi ne taubashina, ɗan ƙanwar babana, dillalin shanu a karar Maigatari, wato kasuwar dabbobi. Tun muna yara ɓarawo nake ce masa, saboda ƙwan zabin kakarmu da ya taɓa kwashewa, shi kuma ya ce mini ragowar makaranta. A suna, a ɗaurin aure, har a zaman makoki haka muke, kowa kuma ya san tsakaninmu ba a fushi.

Ba shi da saniya ko ɗaya tasa. Makiyayi ne zai kawo dabba ya miƙa masa igiya, mai saye kuma ya zo daga kudu bai san makiyayin ba, dillali ya sani. Idan dabba ta zama ta sata, wuyan dillali za a riƙe. Jarinsa kenan, mutane su yarda da bakinsa.

Wata Alhamis bayan kaka ya turo hotonsa tsaye kusa da wani jan sa mai ƙahoni kamar za su taɓa sama. Dangi suka yi ta Masha Allah. Ni kuwa na gyara murya na danna na ce:

"Jama'a, kada hoto ya ruɗe ku. Wannan san na sata ne. Ku tambaye shi rugar da ya kwanto shi a hayin iyaka. Ni ɗan'uwansa ne, tun yana yaro hannunsa ba ya zama wuri ɗaya."

Ban yi dariya ba ko kaɗan, don gwanintata kenan, in faɗi abu fuska a murtuke. Nan take ya rama, ya ce wanda aji biyu ya gagara ina zai gane sa da jaki. Aka yi ta dariya, na ajiye waya ina jin na burge.

Har yau ba wanda ya amsa cewa shi ya fitar da muryar daga guruf ɗinmu. Ina kyautata zaton wani cikin 'ya'yanmu ne ya so abokansa su ji barkwancin kawunsa. Daga nan ta shiga guruf ɗin direbobi, ta shiga na mutanen kara. Hoton ya bi ta, amsarsa ba ta bi ba. Kuma a daidai lokacin an yi ta kukan satar shanu a ƙauyukan iyaka.

Taubashina bai gaya mini ba. Kullum yana nan a guruf yana gaida mutane. Wani direban babbar mota ne ya zo sayen igiya, muna hira ya ce duniya ta lalace, har dillalan da ake ganin girmansu. Ya ciro waya ya kunna mini kaina. Ban taɓa jin muryata da kunnen baƙo ba sai ranar. Babu wasa a cikinta, dattijo ne kawai yana ba da shaida a kan ɗan'uwansa. Direban ya tambaye ni ko na san mai maganar, na ce ban san shi ba, amma daga ji ba shi da hankali.

A bakinsa na ji sauran. Manyan kara sun kira taubashina, mai san ya zo da shaidunsa, aka tabbatar dabba halal ce. Amma makiyayan da suka saba miƙa masa igiya sun fara wucewa gaba, masu saye kuma suna cewa ai na gida ne ya faɗa.

Na koma guruf na danna na yi bayani mai tsawo, na rantse, na ce taubasantaka ce. Rabin dangi suka yi dariya, sun ɗauka sabon salo na fito da shi. Yayata ta Sule Tankarkar ta kira ni ta ce in rufe mata baki haka nan, kowa a gidan nan ya san wasa ne, waɗanda ba su sani ba kuma ba sa cikin guruf. Na roƙi 'ya'yanmu su tura bayanin inda waccan muryar ta je. Sun ce sun tura. Wa zai tsaya sauraren tsoho yana ba da haƙuri?

Alhamis ta zagayo na hau mota zuwa Maigatari. Na same shi a bakin kara, sanda a hammata, hannu ba igiya, ga shanu ana ta shigowa da su. Da ya gan ni ya ce ga ragowar makaranta, amma muryarsa ba ta kai inda ta saba kaiwa ba. Na ce zan bi rumfa rumfa in gaya wa kowa ni ne mai maganar, kuma ba gaskiya na faɗa a cikinta ba. Ya riƙe mini riga. Ya ce waɗanda suka fara mantawa zan tuna wa, waɗanda ba su ji ba kuma in sa su nema.

Ya ja ni inuwa ya saya mana fura. Na so ya zage ni zagin gaske, ko ya ce kada in ƙara taka gidansa, in san an hukunta ni. Wani makiyayi ya zo wucewa da bijimai, suka gaisa da fara'a, ya wuce da igiyarsa a hannu. Taubashina ya bi shi da kallo har ya shige cikin kara, sannan ya turo mini ƙwaryar furar ya ce:

"Da wani ne ya yi mini, da na san inda zan kai ƙara. To kai fa, wa zan gaya wa cewa taubashina ya ce mini ɓarawo bai yi mini dariya ba?"