Rabiou da Tsofaffin Masaukai

Duk wanda ya san Rabiou a Greensboro ya san ba ya iya zama. Ko a walimar suna, ana cikin zuba shinkafa za ka ga ya miƙe yana juya makullin mota a yatsa, wai zai duba wani abu ya dawo. Mutumin Maradi ne. Ya yi Lome, ya yi New York yana tallar agogo a bakin titi, sanyi ya koro shi kudu. A nan ma ya yi kamfanin yankan kaji, ya yi wankin mota, ya yi dako a wani sito kusa da filin jirgi. Matarsa Hamsatou, mai kitso a High Point Road, ta ce ta daina riƙe sunayen iyayen gidansa, don kafin ta iya faɗar ɗaya ya sake wani.

A 2003 ya samu aikin da ya ɗan dace da shi, tuƙa motar da ke kai tsofaffi asibiti. Cikin waɗanda yake ɗauka akwai Miss Odessa Hairston, baƙar fata ƴar asalin East Greensboro, tsohuwar malamar makaranta da ake kaiwa wankin ƙoda. Kullum da hularta, da jaka a cinya. Shi Mama yake ce mata.

Wata rana suna dawowa, ita kaɗai ta rage a motar, ta ce, “Kada ka bi inda ka saba. Bi da ni ta East Market.”

Ya bi. Titi ne mai faɗi, da filayen ajiye motoci da gine-ginen jami'a. Ta dinga nuni da yatsa.

“Nan shagon aski ne. Can gidan abinci, kifinsu har yanzu ina jin ƙamshinsa. Wancan wurin da ciyawa ta rufe, otal ne mai bene.”

“Mama, ni ban ga komai ba.”

“Ai ba za ka gani ba. An rushe su, wai za a gyara unguwa.”

Da suka isa gidanta ta ce ya jira. Ta fito da wani ɗan littafi da bangonsa ya koɗe, wanda mahaifinta yake ajiyewa a mota tun tana budurwa. Ta ce a wancan zamanin baƙar fata zai iya sayen mota sabuwa fil, amma in ya kama hanya bai san inda za a sayar masa da mai ba, balle a ba shi ɗaki. Shi ne ake buga irin wannan littafi, gari-gari, da sunayen otal da gidajen abinci da gidajen mutane da za su karɓe ka ba wulaƙanci. Gidan iyayenta ma yana ciki, don uwarta tana saukar da matafiya a ɗakuna biyu na baya.

Rabiou ya yi ta juya littafin. Mahaifinsa fatoma ne a Maradi, mai saukar da fatake. Rabiou ya tashi yana ganin baƙi daga Agadas da Katsina suna shimfiɗa tabarma a zaurensu, ana kai musu fura. Ya ba ta labari da guntun Turancinsa, ta yi dariya ta ce ashe sana'ar gidansu ɗaya.

Daga nan abin ya shiga ransa. Ran Lahadi, da ta taso daga coci, sai ya zo da tsohuwar motarsa su fita neman wuraren da ke cikin littafin. Suka gama na Greensboro, suka shiga Winston-Salem, suka je Durham. Yawanci ba sa samun komai, sai gadar sama ko shagon sayar da taya. Wani wurin ya zama coci. Sau ɗaya suka tarar da gidan abinci yana nan da ransa, jikan mai shi ne a kan kanta. Miss Odessa ta ci abin da likita ya hana ta, Rabiou ya sha shayi a tsaye yana tambayar wane gari ne a gaba.

Hamsatou ba ta ji daɗi ba.

“Baban Nadia, Lahadi ce kaɗai muke ganinka. Yarinyar nan ana yi mata Hausa tana amsawa da Turanci, kai kana can kana neman gidajen da babu su.”

“Bon, to, wannan makon ne na ƙarshe.”

Haka ya ce a makon da ya biyo baya ma.

Akwai wani ƙaramin gari a Virginia da Miss Odessa take yawan ambata. Wata shekara suna hanyar biki, zazzaɓi ya kama ƙanenta, duk inda mahaifinsu ya tsaya sai a ce babu wuri. Wata bazawara da sunanta yake cikin littafin ce ta buɗe musu ƙofa, ta yi jinyar yaron har ya tashi. Miss Odessa ba ta sake komawa ba, kuma tana son ta ga gidan.

Suka tafi a cikin kaka, ganye ya yi ja. Sun sha tambaya kafin su sami layin. Inda gidan ya kamata ya kasance, fili ne da shinge, sai matakalar bulo da ba ta kai ko'ina, da wata babbar bishiya a gefe. Rabiou ya fita ya tsaya yana kallo, da hularsa da gemunsa. Miss Odessa tana cikin mota, ƙafafunta sun kumbura.

Sai ga wata a-kori-kura ta tsaya a bayansu. Wani bature ya sauko, bai yi gaisuwa ba.

“Me kuke nema a nan?”

Rabiou ya fara bayani, Turancin ya watse masa.

“Kai daga wace ƙasa kake?” in ji mutumin, yana kallon hular.

Shekarun ne da Musulmi ke taka-tsantsan a hanya, tun bayan abin da ya faru a New York. Rabiou ya tuna Nadia, ya tuna ba wanda ya san inda suke.

Miss Odessa ta sauke gilashi.

“Yaro, direbana ne. Na kwana a gidan da yake nan tun ba a haife ka ba. Na zo in gani, na gani.”

Mutumin ya dube ta, ya dubi matakalar. Ya ce filin na mahaifinsa ne, gidan kuwa gobara ta cinye tun yana ƙarami. Da suka juya sai ya biyo su a motarsa a hankali, bai matso ba, bai kuma tsaya ba, har suka hau babban titi.

Sai da suka yi nisa Miss Odessa ta ce, “Babana ba ya kashe mota in ya tsaya a garin da bai sani ba. Na manta ban gaya maka ba.”

Bai ba Hamsatou labari ba sai da ta ga ya kasa cin abinci ta matsa masa. Ta yi faɗa, ta yi kuka, ta ce ko dai ya bari ko ta kira yayansa a Maradi. Ya rage tafiya mai nisa, amma bai bari ba. Aikin asibitin ma ya rasa shi, don wani fasinja ya kai ƙara cewa direba yana zagaye da mutane a unguwanni.

A 2005 jikin Miss Odessa ya yi rauni, ɗanta ya ce ta koma wurinsa a Atlanta. Ta ƙi jirgi, ta ce Rabiou ne zai kai ta. Ya kai ta, suna tsayawa a hanya tana hutawa. Shekara ba ta zagayo ba ta rasu. Ya tuƙa ya je jana'iza, ya tsaya daga bayan cocin, ya gaisa da ƴaƴanta. Littafin yana wurin jikokinta, bai tambaya ba.

Bayan nan ya yi permi, wato lasin tuƙin babbar mota, ya fara jan tirela. Sai mutanenmu suka fara kiransa in za su yi tafiya. Mai zuwa Ohio ɗaurin aure zai tambaye shi inda zai tsaya, ya ce masa a gari kaza akwai masallaci a bayan gidan mai, a gari kaza akwai ɗan Dosso mai suna Mamane da zai ba ka ɗaki da tuwo, gari kaza kuma ka sha mai tun kafin ka shiga, kada ka tsaya. Wani lokaci yana Texas yake wannan bayani, ana jin ƙarar inji.

Hamsatou ta buɗe shagonta na kanta, Nadia ta shiga makarantar gaba da firamare. Duk dawowar da zai yi sai ya zo da sabon gari a bakinsa: Columbus akwai aiki, Memphis haya da sauƙi, Denver iska mai kyau. A ƙarshen 2009 na je shagon Hamsatou don in ɗauko matata, na same shi tsaye a bakin ƙofa yana yabon Indianapolis. Hamsatou tana kitso, ko ɗagowa ba ta yi ba.

“Baban Nadia, ka je ka gani ka ba mu labari. Ni na iso inda za ni.”

Washegari ya ɗauki lodin katifu zuwa Indiana.